Tarihin Rayuwata, kashi na 9: wayar Kawu

Salam jama'a. Makon jiya na tsaya inda na bar makaranta na koma bin Usta muna gyaran wuta a Sharar Mansur a Makka. To yau dole in yi maganar wayar Kawu, don har gobe in an haɗu wajen biki a Jidda sai wani ya ce ai kai ne ka ƙona ɗakin Kawu, kuma Gwaggo tana zaune tana ji ba ta cewa uffan.

Usta ɗan Mai Wurno ne can Sudan kusa da Sinnar, Hausarsa rabi Larabci, Allah ya jiƙansa. Kullum maganarsa ɗaya ce, "yaro, waya ba ta ƙarya, in an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta zafi za ta yi." Shi ya nuna min wuta ba ta tafiya sai da hanyar komawa, ta fito ta bi waya ta ratsa kwan fitila ta koma inda ta fito, ka yanke ko ta ina shikenan sai duhu. Kuma kowace waya tana turje wa wutar da ke bi ta cikinta, siririya ta fi mai kauri turjiya, in ka ninka tsawo ka ninka turjiyar, alminiyam kuwa in kaurinsu ɗaya da jan ƙarfe wajen kashi 60 cikin 100 na aikinsa kawai yake iyawa. Sai da babban ɗana ya shiga sakandare ya zo min da wai Ohm, Bajamushen da ya rubuta lissafin a 1827, na ce masa Usta da bayan hannu yake gane wannan.

To Kawu ya ɗora ɗaki a saman gida zai ba alhazai haya. Na ce a sayo waya mai kaurin mili 4 ta jan ƙarfe tunda daga mita zuwa sama da nisa, ya tafi kasuwar gwanjo ya kwaso mai mili 1.5, da na kankare bakinta sai ga fari fat, alminiyam ne aka shafa wa ja. Na ce Kawu Allah ya ba ka haƙuri wannan fitila da fanka kawai za ta ɗauka, a gaban Yaya na faɗa, kuma fitila da fankan na haɗa na sauko. Yaya yana nan da ransa, a tambaye shi.

Gidajen lokacin ma wuta biyu ce a ciki, mai ƙarfin volt 127 da mai 220, mun sha ganin an cusa kayan 127 a soket ɗin 220 sai dai ƙauri. Sai a 2010 gwamnati ta yanke a koma 230 a hankali, lokacin Usta ya riga ya rasu, ni ko jana'izarsa ban samu ba.

Ina Madina wajen aiki Kawu ya sa aka ɗora esi a layin nan, ga firizar zoɓon Gwaggo, ga butar shayin alhazai mai wat 2000 wadda ita kaɗai tana jan amfiya 9 (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya). Fis, wato abin da ke katse wuta in ta yi wa waya yawa, ya yi ta yankewa yana gaya musu gaskiya, sai aka kira wani ya sa babba. Abin da ba su sani ba, in wutar da ke bin waya ta ninka biyu zafin ninki huɗu yake yi, robar ta narke cikin silin. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, katifu ne da jakunkunan tsaraba suka ƙone. Waya ba ta ƙarya, amma da aka zauna a falo ni aka nuna, wai yaron da ko takarda ba shi da ita, kuma Inna ta ce in yi shiru Kawu uba ne. Daga albashina aka biya tsarabar nan, wanda ya sa babban fis ɗin kuwa surukin Kawu ne yanzu.

Mako mai zuwa insha Allah zan kawo yadda aka yi da maganar igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, da auren farko.