Daga Arusha zuwa Zanzibar: yini guda a bas, awa biyu a teku

A jikin tikitin da na yanka a Arusha, wajen lokacin tashi an rubuta 12:00 asubuhi. Baƙo zai ɗauka sha biyun rana ake nufi, ya koma ya sha barcinsa. Ƙarfe shida na safe ne. Masu jin Swahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi: bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wajensu, sha biyun rana kuma ƙarfe shida. Tazarar awa shida ce cif. Duk wanda ya ba ka lokaci a Tanzaniya, sa shi ya nuna maka a fuskar waya. Banda wannan, agogon ƙasar yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu.

Tun kafin tasha akwai wani jiran. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Cadi ba ya samun bizar Tanzaniya a bakin iyaka ko a filin jirgi. Sai ya nema ta intanet, hukumar shige da fice ta tantance ta amince, abin da kan ci makonni. A fara nema wata biyu kafin tafiya, kuma kada a biya kuɗin tikiti ko masauki sai amincewar ta fito. Katin rigakafin shawara ya zauna a cikin fasfo. Tun 1 ga Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorarta ta dala 44, ko da mutum yana da wata. Ana saye ta intanet, a ajiye lambar a waya, a kuma buga ta a takarda don gudun mutuwar caji.

Daga Arusha zuwa Darussalam, inda ake hawa jirgin ruwan Zanzibar, sama da kilomita 600 ne. Mai tikiti zai ce maka awa tara ko goma. Ka lissafa sha biyu. Titin kwalta ne mai kyau, amma hannu ɗaya ne, manyan motoci sun cika shi, a kowane ƙauye gudu ba ya wuce 50, ga 'yan sandan hanya cikin fararen kaya suna laɓe da na'urar auna gudu. Na zaɓi kujerar taga ta hagu, saboda ta nan ake hango dutsen Kilimanjaro a wajen Moshi idan gajimare bai rufe shi ba, sannan duwatsun Pare da na Usambara su biyo baya, da gonakin sisal, wani tsiro mai kama da ganyen abarba wanda ake igiya da zarensa. Babbar jakar goyo tana shiga ƙasan mota, a rubuta mata lamba. Fasfo, kuɗi, caja da rigar sanyi suna cikin ƙaramar jaka a kan cinya, don sanyin na'urar motar da asuba ba na wasa ba ne.

Tsayuwar cin abinci ɗaya ce, a wajejen Mombo ko Korogwe, minti ashirin ko ƙasa da haka. A cikinsu za ka zaga, ka yi alwala, ka sayi abinci. Mafi sauri shi ne chipsi mayai, soyayyen dankalin Turawa da aka haɗe da ƙwai kamar waina, a sa maka a takarda ka ci a mota. Direba hon biyu yake yi ya ja. Azahar da La'asar haɗa su na yi.

Kuskuren da ya fi kayar da matafiya shi ne sa ran kama jirgin ruwa a ranar. Jirgi na ƙarshe wajen huɗu na yamma yake tashi, kai kuwa a lokacin watakila kana cikin cunkoson Chalinze ko Kibaha. Ko ka iso ma, motocin nesa yanzu a tashar Magufuli da ke Mbezi suke sauke mutane, kimanin kilomita 20 daga bakin ruwa. Daga nan sai motar mwendokasi mai titinta na musamman zuwa Kivukoni, wadda shiga cikinta da babbar jaka a lokacin tashi daga aiki kokawa ce, ko bajaji, wato Keke Napep ɗinsu. Kwana a gari shi ne daidai. Unguwar Kariakoo tana da masaukai masu araha, masallatai a kowane lungu, kuma ba ta da nisa da tashar jirgi.

Tashar tana kan titin Sokoine, daura da cocin Saint Joseph. Tun kana nesa 'yan kamasho za su tare ka: wannan ya ce jirgi ya cika, wancan ya ce an mayar da ofis wani wuri, wani ya kama hannun jakarka. Shagunan da suke kai mutane suna ɗora nasu a kan kuɗin, wani lokacin ma tikitin jirgin kaya mai jan jiki za a ba ka. "Hapana, asante" kawai za ka riƙa faɗi, ma'ana a'a, na gode, kana tafiya har cikin ginin kamfanin jirgin. Ana neman fasfo kafin a yanka tikiti, sunanka ne a jiki. Lokacin da na bi, kujera mafi araha dala 35 ce ga baƙo, 'yan ƙasa kuma nasu farashin daban. Tsohuwar takardar dala ko mai yagewa ba a karɓa. A iso awa guda kafin tashi, don akwai binciken kaya, kuma manyan jakunkuna a keji ake tara su a tura ciki.

Tsakanin Darussalam da tsibirin Unguja, wanda shi ne ake kira Zanzibar a baki, kusan kilomita 70 ne, awa biyu a jirgi mai gudu. Yadda za ka ji su ya danganta da wata da kuma awa. Daga Afrilu zuwa Satumba iskar kudu ke kaɗawa, wadda suke kira kusi, ta fi tsanani a Yuni da Yuli; daga Disamba zuwa Maris kuma ta arewa, kaskazi. Da safe teku a kwance take, da rana iska ta tashi. Minti talatin na farko lafiya lau, ana ɗaukar hoto. Da jirgi ya fita fili sai ka ga ma'aikata suna bin layi suna raba jakar amai, hira ta mutu. Gaban jirgi da benen sama sun fi tsalle, don haka mai saurin tashin zuciya ya zauna ƙasa, ta baya, ya sa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, ya ajiye waya. Maganin jiri kafin shiga da rabin awa ake sha, bayan an fara juyi ba ya aiki. Guntun citta a baki ma yana taimakawa.

Araha kada ta kai ka jirgin dare ko kwale-kwale. Jirgin Spice Islander da ya nutse a Satumban 2011 tsakanin Unguja da tsibirin Pemba, ya tafi da ɗaruruwan rayuka, lodi ne ya yi masa yawa. Skagit kuwa a kan wannan hanyar ya kife a Yulin 2012, tsakiyar kusi. Ina shiga na fara duba inda rigunan ceto suke.

Ƙasa ɗaya ce, amma a tashar Zanzibar sai ka sake cike takarda, a duba fasfo da inshora. Daga ƙofa zuwa cikin Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna, lungunan ma mota ba ta shigarsu. Masu bin baƙo a nan suna gare su, papasi, wato kaska. Garin Musulmi ne, kanzu, wato doguwar rigarsu, da hula ko'ina, kuma kunne zai riƙa tsintar kalmomin gida: alfajiri, magharibi, habari, sabuni. Dattijo ana gaishe shi da "shikamoo", ya amsa "marahaba".

Zuwa bakin teku da daladala ake yi, wasu ƙananan bas, wasu a-kori-kura mai benci biyu da rufin katako, jaka a sama. Mai lamba 116 ce ke zuwa Nungwi a arewa, kimanin kilomita 60, kuma ba ta tashi sai ta cika. Ni gabas na nufa, Paje. Na iso da rana tsaka na tarar teku ba ta nan: ta janye kusan kilomita guda, sai farin yashi da mata a tsugune suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyi. Sau biyu take cika ta janye a yini, kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50, janyewar kuma ta fi nisa a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Mai son wanka a kowace awa ya tafi Nungwi ko Kendwa. Mai taka filin da ruwa ya bari ya sa takalmin roba, saboda wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke cikin ramuka. Ƙayarta karyewa take yi a cikin tafin ƙafa.

Tikitin dawowa na yanke shi kwana biyu kafin ranar, na ƙarfe bakwai na safe. A lokacin kusi jirgin da ya nufi Darussalam gaba da gaba yake yi da igiyar ruwa, na yamma kuwa shi ne wanda jakunkunan aman nan ke ƙarewa a cikinsa. Mai tikitin ta ce min "saa moja", ƙarfe ɗaya. Na miƙa mata waya ta nuna min.