Auna tabon hayaƙin taba a DNA: inda aikin ke lalacewa tun daga Maraɗi

Ƙannena ɗalibai da ma'aikatan labo, duk mai son bincike kan ɓarnar da taba ke yi wa DNA ya sani ba na'urar awo ce ke kayar da mutum ba. Galibi ma waje za a aika samfurin a auna. Abin da ke hannunku shi ne zaɓen mutane, ɗibar jini da ajiya, kuma nan ne mu da muka riga ku muka fi yin tuntuɓe.

Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga ciki na jawo ciwon daji. Ɗaya daga cikinsu shi ne benzopiren. A garin ƙoƙarin fitar da shi, jiki kan juya shi ya koma wani sinadari mai suna BPDE, shi kuma sai ya manne wa guwanin, ɗaya daga cikin tubalan DNA huɗu. Wannan mannen shi ne tabon da ake ƙirgawa. A 1996 Denissenko da abokan aikinsa sun nuna BPDE ya fi kama gurbi na 157, 248 da 273 a ƙwayar gado ta p53 mai kare jiki daga ciwon daji, wuraren da ake yawan ganin sauyi a ciwon dajin huhu.

To amma benzopiren ba na taba kaɗai ba ne. Matar da ke wuni gaban murhun icce tana suyar ƙuli-ƙuli na shaƙarsa. Mai tsire na shaƙarsa, haka ɗan kabu-kabun da ke bin bayan manyan motoci a hanyar Ɗan Isa. In kun zuba irin waɗannan cikin rukunin marasa shan taba, bambancin da kuke nema zai dushe, ku ce taba ba ta yi komai ba. Saboda haka takardar tambayoyi ta ƙunshi sana'a, abin da ake girki da shi, a ɗaki ne ko a tsakar gida, da yawan cin gasasshen nama. In da hali, ku nemi a auna tabon sinadaran NNK da NNN, don su daga taba suke fitowa.

"Kana shan sigari?" ba ta isa tambaya ba. Mai zuba taba gari a leɓe zai ce a'a, kuma gaskiyarsa. Mai shisha ma haka. Saurayi kuwa ba zai amsa gaban mahaifinsa ba ko da kwalin na aljihunsa, don haka ku keɓe da mutum, sannan ku karɓi fitsarinsa. Kotinin, abin da nikotin ke komawa a jiki wanda ake nema a fitsarin, na raguwa da rabi cikin awa 16 ko kusa da haka, wanda ya yi kwana huɗu bai sha ba sai ya fito kamar bai taɓa sha ba. NNAL, abin da NNK ke komawa a jiki, ya fi daɗewa, yakan kai makonni ana ganinsa.

Jinin a ɗebi mililita 10 a kwalbar EDTA mai murfi shunayya. Kada ku haɗe fararen ƙwayoyin jini gaba ɗaya. Mafi yawansu nutirofil ne, kwanansu kaɗan ne, labarin jiya da shekaranjiya kawai suke bayarwa. Limfosit ne masu tsawon rai, ku ware su da ruwan Ficoll mai raba ƙwayoyin jini ranar da aka ɗebi jinin, kafin ya shiga firiza, don jinin da ya daskare ba ya waruwa. In ba za ku iya ba, tabon da ke manne wa hemogulobin ya fi sauƙin riƙo, jajayen ƙwayoyi kuma na yin kwana 120.

Zafin Afrilu ba ya wasa da samfuri. Wasu tabunan, irin su N7-metilguwanin, da ɗan zafi suke ɓallewa daga DNA. Akwatin sanyi da ƙanƙara su riga ku isa wurin ɗiba. Ajiya mai tsawo digiri 80 ƙasa da sifili take so; firizar 20 ƙasa da sifili ta ɗan lokaci ce, kuma in wuta ta ɗauke ta dawo, samfurin ya narke ya sake daskarewa ba ku sani ba. Ku daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ku ɗora tsabar kuɗi a kai, ku bar shi ciki. Ranar da kuka tarar ta nutse, firizar ta narke ke nan, ku rubuta. Kowane samfuri a raba shi ƙananan kwalabe uku ko huɗu, a riƙa ciro ɗaya.

Wajen tace DNA, kada a yi rowar RNase A da T1, sinadaran da ke narkar da RNA. Tabo ana lissafa shi ne bisa yawan DNA, RNA kuwa na shan haske a nanomita 260, inda ake auna yawan DNA, kamar DNA ɗin, sai ku ɗauka kuna da da yawa, adadin tabon ya fito ƙasa da yadda yake. Awon 260 bisa 280 ya tsaya wajen 1.8, in ya doshi 2.0, ku sake tacewa. Mai neman 8-oxo-dG, tabon da oksijin ke yi wa guwanin, ya guji fenol wajen tacewa, ya sa deferoksamin mai kama ƙarfe, in ba haka ba shi da kansa zai ƙirƙiri tabon a kan tebur.

Ku tambayi labon da zai karɓa hanyar da yake bi tun kafin ku huda kowa. Hanyar fosforas 32 da Randerath ya fito da ita a 1981 na wadatuwa da mikrogiram 10, tana gano tabo ɗaya cikin tubalan DNA biliyan guda, sai dai ba ta faɗin ko wane sinadari ne. LC-MS/MS, na'urar da ke gane sinadari ta nauyinsa, na faɗin sunansa, amma galibi ta fi cin DNA.

Idan sakamako ya dawo, kada wani ya ce wa Malam wane yana da ciwon daji don tabonsa ya yi yawa. Jiki na gyara DNA, kuma mutum biyu masu shan kwali ɗaya a rana kan bambanta sosai. Kusan rabin Turawa ma ba su da ƙwayar gado ta GSTM1 mai taimakawa wajen kawar da BPDE, a Afirka rashinsa bai kai haka ba. Abin da za ku gaya masa shi ne hayaƙin ya kai ga DNA ɗinsa, kuma adadin kan sauka in ya daina sha.