Na gama littafin tarihin punk

Jiya na kammala England's Dreaming na Jon Savage, wanda ya fito a 1991, kan tarihin punk, wani salon kiɗan rock mai tsawa da bore. Littafi ne mai kauri, wasu shafukan sai da haƙuri.

Abin da ya riƙe ni shi ne Landan ta 1976. Matasa ba aikin yi, gwamnatin Birtaniya ta je neman bashi wajen IMF, sai ga mawaƙan ƙungiyar Sex Pistols sun fito da yagaggun kaya da tsawa, ba su ma gwanance da jita ba. Rashin gwanintar ne ya ja jama'a, kowa ya ga shi ma zai iya. A watan Yunin shekarar sun yi wasa a Manchester gaban mutane ƙalilan, cikinsu har da waɗanda daga baya suka kafa ƙungiyoyin kiɗa na Joy Division da The Smiths.

Ƙorafina ɗaya, Landan ta cinye littafin, alhali mawaƙan ƙungiyar Ramones sun riga Sex Pistols farawa a kulob ɗin CBGB na New York. Can mawaƙan ƙungiyar Talking Heads suka taso, su da kiɗan Fela Kuti ya ratsa faifansu na 1980. Tarihin Talking Heads nake nema yanzu, jama'a.