Zaren ɗinki mai narkewa bayan tiyatar fatar ido: abin da na gani a jikina

Tun da aka yi mini tiyatar fatar ido, tambayar da 'yan'uwa suka fi yi mini ita ce tsawon lokacin da zare mai narkewa yake ɗauka kafin ya ɓace, kuma amsata ba ta cika gamsar da mai tambaya ba, domin shi adadi guda yake son ji. Zaren da yake waje a kan fata, idan mai saurin narkewa ne, yakan zube tsakanin mako 1 zuwa 2, ko da yake wani ƙullin yakan yi taurin kai har ya shiga mako na 3. Wanda aka binne a cikin nama kuwa yana iya kai wata 2 ko fiye kafin jiki ya gama shanye shi. Saboda haka duk wanda aka gaya masa cewa zarensa zai narke da kansa, ba a gama yi masa bayani ba sai an faɗa masa sunan zaren da kuma inda aka sa shi.

Ni tela ne a Agege, shekaruna sun haura hamsin, kuma ba don kwalliya na je asibiti ba, duk da cewa abokan sana'a sun sha yi mini ba'a a kan haka. Fatar saman idanuna ce ta saki, ta sauko har tana kwanciya a kan gashin ido, ta yadda sai na ɗaga gira kafin in zura zare a allura, idan yamma ta yi kuma goshina ya gaji yana ciwo. Likitar ido da na gani a wani asibiti a Ikeja ta auna iyakar abin da nake iya gani ta sama, ta duba hawan jini da sukari, sannan ta ce aikin ƙarami ne. An yi mini allurar kashe zafi a wurin kaɗai, ina farke aka yanke rarar fatar aka ɗinke, kuma a ranar na koma gida.

Kafin a fara, ta ba ni zaɓi tsakanin zare iri biyu. Akwai zaren nailan da danginsa, waɗanda ba sa narkewa, sai a koma bayan kwana 5 zuwa 7 a zare su, akwai kuma mai narkewa. Na zaɓi na biyun saboda ban so a sake kawo almakashi kusa da idona ba, kuma duk wanda ya san cunkoson hanyoyin Legas ya san dalilin da zai sa mutum ya so rage zirga-zirga. Sai likitar ta yi murmushi ta ce, "Alhaji, ko wanne ka ɗauka, sai ka dawo bayan mako guda na duba ka." Wato zare mai narkewa yana iya raba mutum da cirewa, amma ba ya raba shi da komawa asibiti.

Da yake zare shi ne abincina, ban bari aka wuce wurin ba sai da na nemi a nuna mini fakitinsa. Na waje sunansa Vicryl Rapide, lambarsa 6-0, kuma a lissafinsu ƙaruwar lambar da ke gaban sifiri ƙaruwar siranta ce, har wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. A ciki kuma ta sa 'yan ƙulli kaɗan da Vicryl na asali domin su riƙe layin naɗewar fatar. A shagon tela ɗinki ne yake riƙe riga har ta tsufa, amma a jikin mutum fata ce take haɗe kanta, aikin zare kawai shi ne ya riƙe bakunan yankan na 'yan kwanaki kafin su kama juna. Fatar ido ita ce mafi siranta a duk jiki, jini kuma yana zagaya ta sosai, shi ya sa takan haɗe cikin kusan mako guda, kuma shi ya sa ba a bukatar zare mai daɗewa a samanta.

Abin da ya fi amfanar da ni cikin bayanin da aka yi mini shi ne cewa kowane zare mai narkewa yana da wa'adi biyu, na farko lokacin da ƙarfinsa yake ƙarewa, na biyu lokacin da shi kansa yake ɓacewa, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da yawa. Vicryl Rapide yana rasa rabin ƙarfinsa a kwana 5, ya rasa duka tsakanin kwana 10 zuwa 14, amma abin da ya rage a cikin nama sai wajen kwana 42 yake ƙarewa. Vicryl na asali yana riƙe da kusan kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa bayan mako 2, da kusan rabi bayan mako 3, sannan ya ɓace tsakanin kwana 56 zuwa 70. Akwai kuma zaren da ake yi da hanjin tumaki ko na shanu, wanda likitoci da dama suke amfani da shi a fatar ido. Mai saurin cikinsu ƙarfinsa kwana 5 zuwa 7 ne, ya narke tsakanin kwana 21 zuwa 42, na gama-gari yakan kai kwana 70, wanda aka jiƙa da sinadarin kuromiyam kuwa har kwana 90. Akwai kuma wasu zaruruwan roba masu narkewa: Monocryl yana ɗaukar wata 3 zuwa 4, PDS kuma kusan wata 6 ko sama da haka, amma waɗannan a ƙarƙashin fata aka fi sa su.

Hanyar narkewar ma ta bambanta. Zaren roba mai narkewa, irin su Vicryl, ruwan da ke cikin jiki ne yake kakkarya shi sannu a hankali, don haka lokacinsa ya fi tabbata. Na hanji kuwa sinadaran jiki masu narkar da furotin ne suke cinye shi, saboda haka ya fi tayar da ja da kumburi, kuma wa'adinsa yana sauyawa daga mutum zuwa mutum. Wannan ne ya fahimtar da ni dalilin da ya sa ƙullin da ke waje yake daɗewa. Shi yana zaune ne a cikin iska, ruwan jiki ba ya kai gare shi, ba narkewa yake yi ba, faɗuwa yake yi idan ɓangaren da ke cikin fata ya tsinke. Wani maƙwabcina ya ce ai da irin laimar Legas zaren zai jiƙa ya narke da wuri, amma da na gaya wa nas ɗin sai ta yi dariya, ta ce man ido da aka rubuta mini shi ne zai tausasa zaren da ɓawon ciwon, ba iskar teku ba. Abin da laimar garin ta jawo mini dai shi ne gumi, musamman da dare idan aka ɗauke wuta, domin yana gangarowa daga goshi ya shiga ɗinkin ya tayar da ƙaiƙayi, dole na riƙa ajiye tsumma mai tsabta ina dangwale goshina kafin ya sauko.

Kwanakin farko ba zare ne yake damun mutum ba, kumburi ne. Ya fi tsanani a rana ta biyu da ta uku, jini kuma ya kwanta a kewayen idon ya yi duhu. An umurce ni da in riƙa ɗora tsumma mai sanyi a kwana biyun farko, in kwanta da matashi biyu, kada in ɗauki kaya mai nauyi, kada kuma in sunkuyar da kai. Wannan na ƙarshen ya shafi salla kai tsaye, domin sujada tana tura jini zuwa fuska. Malamin unguwarmu ya tunatar da ni hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, wanda ya ba marar lafiya damar yin salla a zaune idan tsayuwa ta gagare shi, ya kuma yi mini bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai rauni a wajen alwala. A kan kujera na riƙa salla da ishara har likita ta ce in koma yadda na saba. Keken ɗinki ma sunkuyo yake bukata, don haka yara ne suka riƙe shagon.

A mako na biyu zaren ya fara zubewa. Idan na shafa mai, sannan na goge a hankali da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, sai in ga 'yan guntaye sun biyo audugar, wasu ma ba na iya bambanta su da ɓawon ciwo. Na tsakiya suka riga tafiya, amma ƙullan da ke gefen waje, wajen kusurwar ido, suka tsaya suna soka, kuma a nan ne hannu yake son kai wa wurin. An riga an gargaɗe ni cewa jan zaren da bai saki ba yana iya buɗe yankan ko ya sa jini, don haka da aka shiga mako na uku suna nan, sai na koma. Nas ɗin ta sa ƙaramin almakashi da hantsaki ta ɗauke su cikin 'yan mintoci, kuma abin da na ji bai wuce tsikari ba, wanda ya sa na ga tsoron cirewar da mutane da yawa suke yi ya fi cirewar kanta girma. Likitar ta bayyana mini dalilin da ya sa ba a son barin zare ya daɗe a waje bayan ya gama aikinsa: fata takan tsiro ta bi ramin da zaren ya huda, sai a sami ƙananan fararen ƙuraje a kan layin, ko ɗigo-ɗigon tabo a gefensa.

Na ciki kuwa yana da nasa labarin. Idan na taɓa layin a hankali nakan ji 'yan ƙullutu masu tauri a ƙarƙashin fata, an kuma ce mini su ne ƙullan, za su baje da kansu. A cikin wata na biyu wani ƙaramin ƙurji ja ya fito a idon dama, da ɗan kan zare yana leƙowa daga tsakiyarsa. 'Yata ta tsorata, ta ce, "Baba, ko dai wurin ya ruɓe ne?" Da muka je, likitar ta ce jiki ne ya turo zaren waje maimakon ya shanye shi, abu ne da yake faruwa, ta zare shi, wurin kuma ya lafa cikin 'yan kwanaki. Ya kamata mutum ya iya raba wannan da shigar ƙwayoyin cuta, wadda alamunta su ne jan da yake yaɗuwa, da zafi a wurin, da mugunya, da zazzaɓi, ko bakin yankan ya buɗe. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan haɗari ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, wato zubar jini a bayan ƙwayar ido, wadda ta fi aukuwa a cikin awa 24 na farko. Ciwo mai tsanani, da turowar ido, da dushewar gani, ba abin da za a jira gari ya waye ba ne, domin gani yana iya tafiya. A gari irin Legas yana da kyau tun kafin aiki mutum ya karɓi lambar da zai kira da dare, ya kuma san cewa asibitocin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja suna da sashen ido.

Wani abin da na lura mutane ba sa sa shi a lissafi shi ne cewa zare ba ya jiran ciwo. Wa'adinsa yana tafiya ko fata ta haɗe ko ba ta haɗe ba, don haka mai ciwon sukari da bai daidaita ba, ko mai shan taba, wanda rauninsa yake jinkirin warkewa, yana iya wayar gari ƙarfin zaren ya ƙare alhali yankan bai gama kamawa ba. Ɓoye wa likita irin waɗannan, ko ɓoye shan asfirin da magungunan tsinka jini, cutar kai ne, domin da su take yanke shawarar zaren da za ta sa.

Masu zuwa dubiya kuwa kowa da maganinsa. An kawo mini man kaɗanya, an kawo zuma, wata gwaggona ta dage a kan gashi da ruwan zafi, wani dattijo kuma ya ce tozali ne maganin duk abin da ya shafi ido. Na yi musu godiya, na ajiye. Ba raina al'ada nake yi ba, ni ma mai sa tozali ne ranar Juma'a, amma an hana duk wani kwalli da kayan shafa na akalla mako 2, garinsa yana iya shiga ramukan zare ya zauna, kuma an san wasu nau'o'insa suna ɗauke da dalma. Tabon ma yana bukatar haƙuri, domin a fata irin tamu layin yakan yi duhu kafin ya washe, yana ɗaukar watanni, rana kuma tana ƙara masa duhu. Hularmu ba ta da baki da zai yi wa ido inuwa, saboda haka baƙin tabarau ya zama dole duk lokacin da na fita.

A ra'ayina, wanda yake zaune a Legas kuma zai iya komawa bayan mako guda ba shi da dalilin gudun zaren da ake cirewa, domin da an zare shi an gama, babu zaman jira. Mai narkewa ya fi dacewa da yara ƙanana, da kuma irin 'yan'uwanmu da suke zuwa daga Kano ko Sakkwato su yi aiki su juya. Su ma bai kamata su hau mota ba sai an duba su a mako na farko, kuma su nemi a rubuta musu a takarda ranar da aka yi aikin, da sunan zaren waje da na ciki, da man da aka ba su, domin idan ƙulli ya ƙi faɗuwa ko ƙurji ya fito bayan sun isa gida, likitan da zai gan su a can ya san ko yankewa zai yi ko jira.