Godiya ga waɗanda suka tsaya mana kan matsalar asusu a kwamfutocinmu

Assalamu alaikum. Mu masu kula da kwamfutocin cibiyar koyarwa da ke Mabera, a nan Sakkwato, muna miƙa godiya ga 'yan'uwan da suka kwana tare da mu kan tangarɗar da ta biyo bayan sabunta manhajar kwamfutocin da muka yi makon jiya. Alhamdu lillahi, komai ya daidaita.

Ga abin da ya faru, ko wani zai amfana. Kwamfutocinmu na tafiya ne da ostree, tsarin da ke sauko da babbar manhajar kwamfuta a dunƙule, kunshi guda da ake kira hoto. Yana maye /usr, inda manhajoji suke, gaba ɗaya, ba ya taɓa /var, inda ake ajiye bayanai. Asusun ɗalibai na cikin /etc/passwd, amma na manhajoji suna /usr/lib/passwd, wato suna canjawa da kowane sabon hoto. Laifin namu ne: da muka haɗa sabon hoton ba mu ɗaure wa asusun rumbun bayanai lambarsa ba, sai ya fito da wata UID (lambar da kwamfuta ke gane asusu da ita) daban, alhali fayilolinsa a /var na ɗauke da tsohuwar. Mai gida ya dawo, makulli ya ƙi buɗe ɗakinsa.

Injiniyan da ya taso daga Arkilla bayan isha'i shi ya gano haka, da umarnin ls -ln kawai, domin shi lambar mai fayil yake nunawa maimakon sunansa. Ya sa muka koma tsohon hoto da rpm-ostree rollback don karatu ya ci gaba, muka rubuta wa asusun tsayayyiyar lamba ƙasa da 1000 a sysusers.d, inda ake fayyace asusun manhajoji, sannan aka sake haɗa hoton. Injiniya, Allah ya ƙara basira.

Malamarmu ta ajin Arduino, ƙananan allunan lantarki da ake haɗawa da kwamfuta ta USB, ita ta warware matsala ta biyu. Umarnin usermod ya ƙi saka ɗalibai a rukunin dialout, mai ba da izinin magana da allunan, saboda layin rukunin yana cikin /usr/lib/group kaɗai. Ta kwafo shi zuwa /etc/group, ta maimaita umarnin, ɗalibai suka fita daga asusunsu suka sake shiga, tashar USB ta buɗe. Malama, mun gode ƙwarai.

Sai maƙwabcinmu da ya ara mana janareta da wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauke hoto, da ɗaliban da suka yi haƙurin rasa darasin safe. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.