Kasuwar Kwali a Shikago

Tun ranar Talata da na sauka Kano ake tambayata tsaraba. Agogo da turare na raba, amma abin da na fi riritawa a jakar nan wani ɗan kwali ne da bai cika tafin hannu ba.

Ƙanena ne ya gayyace ni Shikago ta ƙasar Amurka, inda ya kusa shekara ashirin yana aiki. Zaman jirgi ta Addis Ababa ba abin ba da labari ba ne, ciwon baya ne kawai. A wurin duba fasfo na haɗu da wani jami'i mai fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ya tambayi sana'ata, na ce atamfa da shadda nake sayarwa, ya sa na maimaita har sau uku, sannan ya turo mini fasfon da bayan hannu, ko kallona bai yi ba. Na ce a raina, yaro, da kai ne ka zo rumfata a Kantin Kwari, sai ka sha ruwan sanyi kafin a tambaye ka abin da ke tafe da kai.

Ɗan ƙanen nawa, mai shekara 14, can aka haife shi, Hausarsa sai ka kasa kunne sosai. Ɗakinsa cike yake da akwatunan kwali dogaye, kowanne shaƙe da katunan 'yan wasan besbol, wasan nan nasu da ake jefo ƙwallo a make ta da gora a ruga. Hoton ɗan wasa a gaba, lissafin bajintarsa a baya. Na zari ɗaya da yatsu biyu in duba, sai yaron ya yi tsalle kamar na taɓa wuta.

"Baffa, kusurwa! Kusurwa!"

Ubansa ya yi dariya ya ce, "Yaya, ajiye masa. Gobe za mu kai ka ka ga iyayen gidan wannan hauka."

Washegari muka nufi Rosemont, daf da babban filin jirgin sama, inda a shekarar aka yi taron shekara-shekara na masu wannan harka, National Sports Collectors Convention. Kwana biyar ake yi. Na ɗauka zan ga yara ne da iyayensu. Ina! Dattawa ne masu furfura da tumbi, wasu da tabarau mai ƙara girman abu rataye a wuya, wasu na jan akwati mai kwaɗo. Zauren kuwa, in ka tsaya a wannan bango ba ka hango wancan. Tebur bayan tebur, gilashi bayan gilashi, kuma duk hajar kwali ce. Ga 'yan sanda na kai da komo, kamar a layin 'yan zinare.

A nan na ji farashin da ya sa na nemi kujera. Katin wani ɗan wasa, Mickey Mantle, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, an sayar da shi a gwanjo dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022. Na ciro waya na buga da canjin da na baro a Wapa, na ga abin ya doshi naira biliyan 19. Na sake bugawa, ko na ƙara sifiri ne. Katin da a zamaninsa yara ke saye da sulallan aljihu, a ƙunshe da cingam! Akwai kuma na Honus Wagner, wanda ya fito cikin kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911. Aka dakatar da buga shi da wuri, wasu sun ce mutumin ne bai so yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu sun ce maganar kuɗi ce ba a daidaita ba. Waɗanda suka rage a duniya ba su kai ɗari ba, ɗaya ya tashi dala miliyan 7.25.

Kwalin sigarin nan ya mayar da ni unguwarmu. Mu ma fa mun yi wannan. Muna tsintar fankon taba a bakin tasha, mu ninke, kowane iri da darajarsa, mu yi ta caca da musaya a bayan makarantar allo, har da marafan kwalba. Ranar da Inna ta gano tarin nawa a ƙarƙashin tabarma, murhu ta cusa shi ta dafa shayi. Da na ba wani mai tebur labarin, ƙanena na fassarawa, sai ya buga cinya ya ce ai su ma haka aka yi musu: iyaye mata sun share ɗakuna sun zubar, yara kuma sun lalata wasu a tayar keke don ta riƙa ƙara kamar babur. Abin da ya tsira daga tsintsiya shi ne ya yi tsada. Ashe uwa ɗaya ce ko'ina.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na ɗan kasuwa, shi ne yadda ake yanke wa kati daraja. Akwai kamfanoni, babbansu PSA, da kake miƙa wa katinka ka biya, su duba kusurwoyi huɗu, da gefe, da fuska, da ko hoton ya zauna a tsakiya. Sai su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su garƙame shi a farar roba mai tauri da lamba a kai. Kati iri ɗaya, ɗan wasa ɗaya, shekara ɗaya, mai maki 10 sai ya ninka mai maki 9 sau da yawa. An ɗora mini biyun a gaba, na ƙura ido har ya kawo ruwa, ban ga bambanci ba. Ni da nake gane shadda ta gaske da taɓawa ɗaya! Su nan ba a taɓawa ma. Lambar ake saye, kwalin ɗan rakiya ne. Kuma kada ku ce babu algus: wani shahararren katin Wagner na daban da aka fi ji da shi, wani babban dillali ya amsa a kotu a 2013 cewa ya datse gefensa don ya yi kyau.

Sati guda na yi a Amurka kafin ranar, ban ga inda ake ciniki ba. Kanti, kuɗi a rubuce, har da haraji a kai da ba a gaya maka sai wurin biya, abin da har yau nake ganin rashin kunya ne. A zauren nan kuwa sai ga Bature yana tayawa. Sai dai cinikinsu babu gishiri. Kowa ya ciro waya, a duba nawa aka sayar da irinsa a eBay, kasuwar intanet, kwanan nan, a tsaya kusa da nan. Babu gaisuwa, babu tambayar iyali, babu "albarka". In tayinka bai yi ba, ya girgiza kai ya juya ga na bayanka. Yaran ne ma suka fi burge ni, zaune dirshan a ƙasa, akwati a buɗe, ba ni gishiri in ba ka manda, biyu nawa a ɗaya naka.

Yaronmu ya ƙyalla ido kan katin Shohei Ohtani, ɗan Japan ɗin nan da ke wasa a Los Angeles. An rubuta dala 40. Ya fara laluben aljihu, na riƙe hannunsa.

"Gaya masa sha biyar."

"Baffa, kunya!"

"Kunyar me? Uban wa ya ce ka biya kuɗin farko?"

Mai teburin ya dube ni, ya dubi hulata, ya fashe da dariya ya ce 35. Na ajiye katin, na yi taku uku. Tsohuwar dabara ce, ko a Shikago tana ci: ya kira mu. Muka tsaya a 28. Na ce a gaya masa saura gyara. Sai da ƙanena ya yi dogon bayani kafin ya gane, ya ɗebo katuna biyar daga akwatin dala ɗaya ya ƙara wa yaron, yana cewa bai taɓa jin wannan doka ba.

Can ƙuryar zauren, inda ba kowa, muka tarar da wani tsoho baƙar fata, haifaffen kudancin birnin. Ya ba ni kujerarsa da ya ga ina ɗingishi, ya kuma miƙo mini ruwa, abin da babu wanda ya yi duk yinin. Kayansa na ƙarshen shekarun 1980 ne da farkon 1990, lokacin da kamfanoni suka buga katuna kamar ƙasa, kowa ya saya ya ɓoye. Ya ce shi ma ya tara katan-katan da niyyar biya wa 'ya'yansa jami'a, yanzu ko kuɗin man motar kawo su ba sa mayarwa. Na san wannan ciwon. Akwai atamfar da na cika sito da ita, yayinta ya wuce a wata uku.

Da ya ji daga Najeriya nake, ya tona wata 'yar jaka ya ciro katin Jackie Robinson, baƙin da ya karya shingen wariya a babbar gasarsu ranar 15 ga Afrilun 1947, da ƙungiyar Brooklyn Dodgers. Ya ce lambar rigarsa 42 an jingine ta a duk ƙungiyoyi tun 1997, sai ranar tunawa da shi kowa ke sakawa. Ya ce ba na asali ba ne, sabon bugu ne, bai wuce dala biyu ba. Na ciro kuɗi, ya ɓata fuska. Ya sa shi a leda, ya sa ledar a roba, ya danƙa mini.

Ranar Lahadi aka kai ni kallon wasan kansa a Wrigley Field. Awa uku, ban gane komai ba, sai dai in an tashi in tashi. Muka ci biryani a titin Devon, muka leƙa bakin tafkin Michigan, na sayi takalma masu tsadar banza.

Na tarar da Kano ruwa ya sauka. Uwargida ta ga katin a kan madubi, ta ce wane ne wannan, ɗan'uwanmu ne a can? Ta kai hannu za ta zaro shi daga roba, sai na ji bakina ya ce, "Kusurwa!"