Ejan ɗina ya daina rikita farashin kasuwa da na littafi

'Yan uwa masu koyo, yau dai Alhamdulillahi. Ejan ɗin AI (manhajar da ke amsa tambaya ta hanyar kiran wasu ƙananan manhajoji, wato kayan aiki) da nake haɗa wa shagon hatsin yayana a Tudun Hatsi, nan Gombe, ya bi duk tambayoyin gwajin da na ɓoye masa, kuma bai ɗauki kayan aikin da bai dace da tambayar ba ko sau ɗaya. Daɗin da nake ji ba ya misaltuwa.

Kayan aiki biyu ne suka hana ni barci: farashin_yau, mai ɗauko farashin da yaran shago ke shigarwa da safe, da cinikin_baya, mai duba littafin ciniki. Duka suna kan saba (server) guda ta MCP, tsarin haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Kod ɗin lafiyarsa ƙalau. Amma ejan ba ya ganin kod. Suna kawai ke gabansa, da bayani, da JSON Schema, wato tsarin guraben da zai cike. Sai a tambaye shi, "nawa muka ba mutumin Kumo wake?", ya je ya ɗauko farashin yau, ya amsa hankali kwance. A sana'ar da ake ba da kaya bashi, amsa irin wannan tana iya ɓata zumuncin shekaru.

Na tsawaita bayanan har kowanne ya kai sakin layi uku. Na ba wani AI ya duba ingancinsu, ya yabe su, ya ce sun fito sarai. Ejan kuwa bai canja hali ba. Ran nan raina ya ɓaci ƙwarai, domin duk wanda ya karanta bayanan zai gane su, amma wanda aka rubuta dominsa yana ta kaucewa.

Sai na bar karatu na koma awo. Na roƙi Yaya saƙonnin WhatsApp da abokan ciniki da yaransa ke turo masa, na goge sunaye da lambobi, na rubuta a gefen kowanne kayan aikin da ya kamata a kira da abin da za a cike. Na raba su gida biyu: kashi ɗaya nake gyara da shi, ɗayan ba na taɓa shi sai na gama. Wannan rabon shi ne ƙashin bayan aikin. Tambayoyin da ka ƙirƙira da kanka kalmomin bayaninka suke ɗauke da su, don haka ejan zai cinye su cikin sauƙi. Mutumin kasuwa kuwa cewa zai yi "wancan na ranar Laraba fa?" Kuma kowace tambaya sai na maimaita ta, tunda amsar ejan takan bambanta daga kira zuwa kira. Jimla ɗaya nake canjawa, in sake gwaji, in buɗe rajistar kira in ga inda ya karkata.

A rajistar ne na ga cutar. Bayanan biyu duk sun fara da "yana dawo da farashin hatsi". Kowanne ya faɗi aikinsa, babu wanda ya faɗi iyakarsa. Na ƙara wa farashin_yau cewa kada a kira shi idan maganar ta shafi cinikin da aka riga aka ƙulla ko wani mai saye, a kira cinikin_baya, na ambaci sunansa ƙarara. Na yi wa ɗayan kishiyar haka. Kamar ka ɗauki sabon yaron shago ne: nuna masa littafi bai isa ba, sai ka gaya masa lokacin da ba littafi ake dubawa ba.

Ma'auni ma ya wahalar da ni. Gurbin a buɗe yake, ejan yakan cike shi da kilo, alhali mu mudu da tiya da buhu muka sani. Na mayar da shi enum, wato jerin zaɓi ƙayyadadde, na sa shi dole, na rubuta cewa in mai tambaya bai faɗi ma'auni ba a tambaye shi, kada a yi hasashe. Saƙon kuskure ma na gyara, yanzu yana lissafo ma'aunan da aka yarda da su, ejan ya gyara da kansa a kira na biyu.

Kuɗi kam sun ba ni wahala. Duk bayanan kayan aiki ana tura su a kowane kira, ana ƙirga su cikin tokin (gutsattsarin kalmomin da ake lissafin kuɗi da su), ga biyan da dala. Hausa kuma ta fi Turanci cin tokin. Abin da na ware na wata ya ƙare tun wata bai raba ba. Dole na datse sakin layi ukun nan, na rubuta bayanan da Turanci, na bar misalan tambayoyi da Hausar kasuwa, kuma sakamakon bai faɗi ba.

Yanzu na ƙara na uku, ragowar_bashi, har ya fara karo da cinikin_baya a kan tambaya irin "me ya rage wajen mutumin Bajoga?" Wanda ya taɓa gwada haɗe kayan aiki biyu masu kama su zama ɗaya, don Allah ya gaya min yadda ya auna kafin in rushe nawa.